Filin Tambaya da Amsa: Ziyarar Kwana Bakwai ga Dangi a Akra

Wasiƙun wannan makon sun haɗu a kan abu guda, wato zuwa ganin 'yan'uwa a Akra, babban birnin Gana da ke bakin teku, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara. Unguwanni irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Fadama cike suke da masu jin Hausa, shi ya sa gidaje da yawa a Arewa ke da nasu a can. Ga waɗanda muka zaɓo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayata tana aure a Nima, ban taɓa zuwa ba. Na samu hutun kwana bakwai a wurin aiki. Zai ishe ni in je ta mota daga Kano in dawo? Daga wani ma'aikaci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka yanki tikiti, zauna ka ƙirga kwanakin da yatsa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Manyan bas suna tashi da yamma, su shiga Legas washegari. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma akwai iyakoki uku a tsakani, kuma motocin da ke ƙetarawa da asuba suke tashi, don haka dole ka kwana a Legas. Ka ga ke nan a daren rana ta uku za ka sauka gidan Yaya. Dawowa ma kwana uku za ta ci. Abin da ya rage maka a hannu yini ɗaya ne tak, shi ma da gajiyar hanya a jiki. Ba mu ga ribar wannan ba.

Idan ka hau jirgi daga Kano zuwa Legas, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi, sannan ka bi mota daga can, za ka samu kwana uku cikakku a Akra. Idan aljihu ya ɗauki jirgi har can, Legas zuwa Akra kimanin awa ɗaya ce, sai ka samu kwana biyar. A ganinmu ta tsakiyar ta fi dacewa da mai albashi.

Daga Legas hanya biyu ce. Akwai bas ɗin kamfanoni da ke tashi daga wajajen Jibowu da Maza-maza kai tsaye zuwa Akra, yaron mota ya tattara fasfo ya bi da ku kowace iyaka. Akwai kuma tafiyar yanke-yanke: daga Mile 2 zuwa Seme, iyakar Najeriya da Benin, daga nan zuwa Kwatano, zuwa Lome ta Togo, ka taka da ƙafa ka shiga Aflao, garin Gana na bakin iyaka, sannan ka hau motar Akra, wadda za ta haye kogin Volta a gadar Sogakope ta bi ta Tema. Ta biyun takan fi sauri ga wanda ya saba, amma baƙon da ba ya jin Faransanci, ga jaka biyu a hannu, ya bi ta farko. Ka sa ran awa goma zuwa sha huɗu a hanya, saboda shingayen bincike tsakanin Legas da Badagiri da kuma jira a iyaka.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin da awa ɗaya. Da kun shiga Togo ka mayar da agogonka baya, kuma idan ka faɗa wa mijin Yaya lokacin da zai taro ka, ka ce masa agogon wace ƙasa kake nufi. Tsohuwar hanyar arewa kuwa, ta Yamai da Wagadugu, ba ma ba kowa shawarar binta a yanzu saboda rashin tsaro a gabashin Burkina Faso.

TAMBAYA: Zan je sunan ƙanwata a Madina ta Akra da yara biyu, ɗan shekara shida da jaririya 'yar wata bakwai. Waɗanne takardu zan tanada? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, biza dai ba kya buƙata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90. Abin da za ki riƙe shi ne fasfo mai rai ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, kuma kowane yaro da nasa, har jaririyar. Ki haɗa da takardun haihuwarsu da wasiƙar amincewar mahaifinsu mai sa hannunsa da lambar wayarsa, domin jami'an iyaka suna sa ido sosai kan yaran da ake ƙetarawa da su.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Ana yin rajistarsa ta intanet, a biya kuɗi, sannan a je ofishin kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa, kamar wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano, a yi allura a karɓi kati. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Nan ne mutane ke tuntuɓe: a yi allura ranar Litinin, a kama hanya ranar Laraba, a je iyaka a tsaya. Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar allura ɗaya ta wadatar har tsawon rai. Kada ki yarda da mai sayar da kati ba allura. Ko kin wuce da shi, jikinki bai samu kariyar komai ba.

Game da jaririyar, sai yaro ya kai wata tara ake yi masa wannan allura. Ke ma da kike shayar da ita, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya watanninta kafin a yi miki. Gaskiyar da za mu gaya miki ita ce, yini guda a mota da 'yar wata bakwai wahala ce babba. In da hali ki aika da barka, ki ɗaga ziyarar zuwa bayan ta cika wata tara.

Duk lokacin da kika tashi, ki tabbatar an buga hatimi shida a kowane fasfo: fita Najeriya, shiga Benin, fita Benin, shiga Togo, fita Togo, shiga Gana. Ki duba da idonki kafin mota ta bar wurin. Hatimin da aka tsallake a tafiya shi ke zama rigima a dawowa. Masu tare mutane a bakin iyaka suna cewa "kawo in yi miki" kuwa, kada fasfonki ya shiga hannunsu.

TAMBAYA: Wace tsaraba ce ta fi dacewa, kuma yaya zan ɗaure ta? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Namu na can sun fi murna da kayan miya na gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, sai ƙuli-ƙuli, dabino, turaren wuta da hula. Abin kiyayewa shi ne danshi. Abin da zai yi wata uku lafiya a iskar Katsina yana iya yin fumfuna cikin 'yan kwanaki a bakin teku. Ka shanya komai ya bushe ƙayau, ka zuba a roba mai murfi, ka raba kowane gida da ƙunshinsa tun daga nan don kada a yi ta buɗewa. Daddawa da turare kada su haɗu a jaka ɗaya. Man shanu zai narke a but, a bar shi. Kilishi da dambun nama kaɗan za ka ɗauka, domin kayan nama na cikin abin da kwastan ke tsaurarawa, kuma in ya isa a cinye shi da wuri ko a sa a firji.

Kada ka karɓi saƙo a ƙulle daga kowa a tasha, ko ɗan unguwarku ne, sai an buɗe a gabanka. Magani kuma, wanda likita ya rubuta maka kaɗai, a cikin kwalinsa, tare da takardar.

TAMBAYA: Naira za ta yi mini amfani a hanya? Daga wani tela a Gusau.

AMSA: Daga Seme ta gama aiki. Benin da Togo sefa suke ci, Gana kuma sidi. Ka canza sefa kaɗan na ruwa, abinci da banɗaki, sauran ka canza kai tsaye zuwa sidi, domin duk canji biyu asara biyu ce. Ka tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku, ka ƙirga naka a hannunka kafin ka miƙa. Ka raba kuɗin gida biyu a jikinka, kuma ka ware na komawa tun ranar da ka isa.

TAMBAYA: Zan yi ƙasaru a gidan ɗan'uwana? Daga wani dattijo a Gombe.

AMSA: Baba, a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, kusan kilomita 80, ana mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Akra, daga isarku sai ku cika. In ƙasa da haka ne kuna nan a matafiyi, sai dai in kun bi limamin unguwa, to ku cika tare da shi. In Juma'a ta riske ku, ku roƙi a kai ku babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Daga Nima ba nisa.

TAMBAYA: 'Ya'yana sun matsa sai an kai su teku. Babban ya iya iyo a dam. Akwai abin tsoro? Daga wani mahaifi a Bichi.

AMSA: Akwai, Malam, kuma wanda ya iya iyon ne muka fi ji wa tsoro, saboda shi zai yi nisa. Ruwan dam a tsaye yake. Na gaɓar Gana yana da igiya mai ƙarfi, kuma ruwan da igiyar ta watso bakin gaɓa yana taruwa ya koma ciki ta wata siririyar hanya da gudu. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne wannan hanyar ita ce ta fi kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a wurin, ruwan ya fi duhu, sai ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su yo waje. Wanda ta ɗauka yakan yi ta kokawar komowa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Abin yi shi ne ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu don a gan shi, ya yi iyo a kaikaice tare da tsawon gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu. Ka koya wa yaron wannan tun a gida. Wanda ke waje kuma kada ya faɗa ceto da hannu wofi, ya kira masunta ko masu tsaron wurin, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa.

Dokar da za ka kafa musu: ruwa kada ya wuce gwiwa, ba a juya wa teku baya, ƙaramin yaro hannunsa na cikin na babba. Doguwar riga da babban hijabi in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa, don haka mai sanye da su ta tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, inda kuka ajiye takalma a busasshen yashi na iya zama cikin ruwa bayan awa biyu. Ku je inda jama'a suke, irin Labadi, da safe ko bayan la'asar, tare da ɗan gari.

Ku lura da abinci ma. Yajin nan nasu da ake kira shito, wanda ake ci da wake da shinkafa, da busasshen kifi da jatan lande ake haɗa shi. Yaron da bai taɓa cin kayan teku ba a fara ba shi kaɗan. In borin jini ya fito a daina, in kuwa leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti nan take. Idan kuna da zaɓin lokaci, ku kauce wa watan Mayu da Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Akra kuma unguwannin kwari ke fama da ambaliya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya fi ƙaranci, hanya ma ta fi daɗin bi.