Yaya ake gane ko horon 'yan sanda ya yi amfani?

Tambaya: Sau da yawa muna jin an kammala kwas ɗin horar da 'yan sanda an raba takardun shaida, amma ba ma ganin sauyi. Shin akwai hanyar auna tasirin irin wannan horo?

Amsa: Akwai, sai dai hukumomi da dama suna tsayawa ne a mataki mafi sauƙi. Tun a 1959 Donald Kirkpatrick, wani masanin horar da ma'aikata ɗan Amurka, ya kasa awon horo gida huɗu: gamsuwar mahalarta, abin da suka koya, sauyin halayyarsu a bakin aiki, da kuma sakamakon da ya biyo baya. Takardar jin ra'ayi da ake rabawa ranar rufe kwas matakin farko kaɗai take aunawa, kuma da wuya ƙaramin jami'i ya kushe kwas ɗin da manyansa suka shirya.

Cin jarrabawa ma bai wadatar ba. Rundunar birnin New York ta horar da jami'anta kan wariyar da mutum ke nunawa ba da saninsa ba, amma binciken da aka fitar a 2020 ya nuna cewa duk da sun fahimci darasin, bambancin launin fata a tsakanin waɗanda suke tsayarwa da kamawa bai sauya a zo a gani ba.

A ganina, abin koyi shi ne aikin da mai bincike Robin Engel, wadda a lokacin take Jami'ar Cincinnati, ta jagoranta a Louisville ta Amurka, kan horon kwantar da rikici ba tare da amfani da ƙarfi ba. An horar da sassan rundunar bi da bi, kuma da ƙuri'a aka fitar da wanda zai riga wani, ta yadda waɗanda layi bai zo kansu ba suka zama ma'aunin kwatance. Amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunata fararen hula da kashi 26, raunin jami'ai kuwa da kashi 36. Ba don wannan kwatancen ba, da babu mai iya cewa horon ne ya jawo raguwar.

A yi hattara kuma da alƙaluman laifuka da na ƙorafi, domin ƙorafi kan iya ƙaruwa saboda jama'a sun fara amincewa za a saurare su. Don haka ake haɗa su da hotunan kyamarar jikin jami'i da ra'ayin waɗanda suka yi hulɗa da 'yan sanda, sannan a sake awon bayan watanni, tunda darasin da shugaban ofishi bai ɗauka da muhimmanci ba yakan dushe da wuri.