Tambayoyinku: Tura saƙo zuwa wata kwamfuta ba tare da an shiga cikinta ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar makarantar koyon kwamfuta a Tudun Wada, nan Kaduna, da kwamfutoci 12 duk a haɗe da rauta ɗaya, wato na'urar da ke haɗa su da juna. Idan ɗalibai na gwajin jarrabawar JAMB, sai na riƙa zagayawa ina cewa saura minti goma, wasu ma ba sa ji na. Akwai yadda zan rubuta saƙo daga teburina ya fito a fuskar kowace kwamfuta, ba sai na shiga da suna da kalmar sirrin kowace ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa makaranta albarka. Akwai hanya, har fiye da ɗaya.

Tambayarka ta tuna mini lokacin da nake tsaron wani shagon intanet a titin Ahmadu Bello, zamanin Windows XP. Idan lokacin mutum ya ƙare, sai in buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, in buga net send PC4 lokacinka ya cika (PC4 sunan kwamfutarsa ne). Nan take wani ɗan akwati ya ɓullo masa a tsakiyar allo, sai ka ga ya ɗago kai yana waige-waige. Ba suna, ba kalmar sirri. Sauƙin nan ne ya jawo wa hanyar bakin jini: 'yan talla suka gane za su iya cillo saƙo daga ko'ina a duniya zuwa duk kwamfutar da ke buɗe, har da na ƙarya masu cewa kwamfutarka ta lalace, ka biya a gyara. Shi ya sa Microsoft ya kashe ta a 2004 cikin sabuntawar XP mai suna Service Pack 2, da Windows Vista ta fito kuma aka cire ta gaba ɗaya.

Ka riƙe wannan da kyau: kwamfuta ba ta karɓar saƙo sai da wata manhaja a cikinta da ke zaune tana saurare a wata ƙofa mai lamba. Kamar sallama ce a ƙofar gida, in ba kowa a zaure, ko ka shekara kana rangaɗawa ba mai amsawa. Aikinka shi ne ka ajiye mai amsawa a kowace kwamfuta sau ɗaya, daga nan ba sai ka sake shiga ba.

Windows na yanzu tana da umarnin msg, ana rubuta msg * /server:PC4 sannan saƙon. Sai dai babu shi a nau'in Windows Home, sai irin su Pro. Kuma dole ka taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, a kowace kwamfuta ka mayar da saitin AllowRemoteRPC zuwa 1, sannan tana bincikar izininka ta ƙarƙashin ƙasa. In kwamfutocinka 12 na gwanjo ne, kowace da irin nata Windows, ban ba ka shawarar wannan wahalar ba.

Akwai IP Messenger, manhaja ce ta kyauta daga Japan, mara nauyi, tana amfani da ƙofa mai lamba 2425. Kana girka ta, kwamfutocin za su ga juna da kansu, ko data ta ƙare tana aiki. Ta dace da ofis. Amma a ɗakin jarrabawa ina jin tsoronta, don yadda za ka tura wa ɗalibi saƙo, haka shi ma zai tura wa na kusa da shi amsar tambaya ta bakwai.

Da ni ne kai, Veyon zan saka. Kyauta ce, kuma don ajujuwa aka ƙera ta. Bayan ka girka ta a kowace kwamfuta, za ka ƙirƙiri makulli guda biyu cikin manhajar a kwamfutarka, ka riƙe na sirri, ka kwafa ɗayan a filashi ka saka wa na ɗalibai. Sai ka shigar da sunayen kwamfutocin ɗalibai a taka, shi ke nan. Daga teburinka za ka ga fuskokin kwamfutocin duka a jere, ka aika "saura minti goma" ga kowa a lokaci guda, lokaci na cika ka kulle allunan. Ka sanar da ɗalibanka cewa kana ganin abin da suke yi, haƙƙinsu ne su sani.

Fara gwadawa da kwamfutoci biyu ranar da ba aji. In ba su ga juna ba, duba ko duka suna kan rauta ɗaya, sannan ka duba ko katangar tsaro ta Windows ba ta tare manhajar ba.