Ɗigon Fitsari da Yawan Zagayawa Kafin Alwala

Tambaya: Likita, ni malamar makaranta ce a Katsina, haihuwata huɗu. Idan na yi tari ko atishawa sai fitsari ya ɗigo mini, shi ya sa na rage shan ruwa, kuma nakan zagaya kafin kowace alwala ko ban ji fitsari ba, har da yunƙuri don kada saura ya rage. Me ya sa abin yake ƙaruwa?

Amsa: Malama, Allah ya ba ki lafiya. Damuwarki da tsarki abin yabawa ce, sai dai dabarun nan uku suna ƙara wa matsalar ƙarfi.

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kimanin mililita 400 zuwa 600, kuma zagayawa sau 6 zuwa 8 a yini daidai ne. Idan kika saba juye ta tun ba ta cika ba, sai ta koyi kiranki da wuri. Rage ruwa kuwa, musamman a zafin bazara, yana sa fitsari ya yi kauri ya riƙa tsokanar mafitsara, haka ma yawan shayi da goro.

Yunƙurin ne ya fi damuna. A ƙasan ƙugu akwai tsokoki da suka tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, waɗanda ciki da naƙuda suka riga suka sassauta, kuma duk nishin da kika yi ƙara danna su ƙasa kike yi. Ki tsuguna sosai, ki saki jiki, fitsarin ya fita da kansa. Idan masai na zama ne, ki zauna daram, domin tsayuwa a rankwafe saboda ƙyama tana ɗaure tsokokin ta hana mafitsara juyewa duka. Taurin bayan gida ma ɓarna ɗaya yake yi, don haka ki yawaita zogale da wake da ruwa. Wajen tsarki da buta, ki fara da gaba sannan baya.

Ki riƙa matse tsokokin kamar mai riƙe tusa, matsa 8 sau uku a rana, har wata uku, amma ba a lokacin fitsari ba. Idan kin ga jini, ko kin ji zafi, ko wani abu yana leƙowa ta gaba, ki je asibiti da gaggawa. Fitsarin da ke zuba dare da rana bayan doguwar naƙuda kuwa yoyon fitsari ne, ana yin aikinsa a asibitin Babbar Ruga a nan Katsina.