Gajimare ko saba a ofis: wanne ya dace da kamfani mai ma'aikata 40?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da harkokin ofis a wani kamfani mai ma'aikata 40. Muna son haɗa imel, ajiyar takardu, kalanda da taron bidiyo wuri guda. Wasu sun ce mu yi rajista da Microsoft 365 ko Google Workspace, amma maigida ya fi son mu sayi saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe imel da takardun kowa, mu ajiye a ofis don sirrinmu ya zauna a hannunmu. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo maganar kuɗi ko sirri, ka tambayi maigidan abu ɗaya: wa zai riƙa kula da sabar nan kullum? Idan amsar ita ce wani ne da ake kira sai abu ya lalace, to ku tafi gajimare, wato ku yi hayar manhajar a sabar kamfanin da ya ƙera ta, kuna shiga ta intanet, kuna biya gwargwadon yawan ma'aikata.

Saba ba firij ba ce da za a jona a manta da ita. Duk sabar imel dole ƙofarta ta kasance a buɗe ga intanet, masu kutse kuwa dare da rana suke laluben irinta. A watan Maris na 2021 Microsoft ya fitar da facin gaggawa, wato gyaran manhaja, don toshe ɓarakar da aka gano a Exchange Server, manhajarsa ta sabar imel. Dubban kamfanonin da ke riƙe da tasu sabar aka kutsa wa, wasu tun kafin facin ya fito, wasu saboda sun yi jinkirin saka shi. Masu imel a gajimaren Microsoft abin bai shafe su ba. A watan Yulin 2025 haka ta sake faruwa da SharePoint Server, manhajar Microsoft ta ajiyar takardu. Ganin saba a ɗakin da ke kusa da ofishin maigida yana kwantar da rai, amma ba ya hana kutse.

Wajen lissafi, kada ka kwatanta kuɗin hayar gajimare na wata guda da farashin saba. Ka yi na shekara 5, domin kusan nan ne ake sauya na'urar. A ɓangaren ofis ka saka sabar kanta, lasisin manhaja, UPS (na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke) da baturansa da ke gajiya bayan shekara 3 zuwa 5, sanyaya ɗaki, wutar lantarki, wurin ajiyar kwafi, da albashin mai kula. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali sau da yawa shi ya fi tsada. Manhajojin kyauta da ake sakawa a sabar ofis, irin su Nextcloud ko Mattermost, za su rage muku kuɗin lasisi, ba za su rage aikin kula ba. Ka kuma duba ko masu manhajar za su ci gaba da tallafa mata: kamfanin Atlassian ya daina tallafa wa nau'in sabar ofis (Server) na manhajojinsa Jira da Confluence a watan Fabrairun 2024, Exchange 2016 da 2019 kuma tallafinsu ya ƙare a Oktoban 2025.

Gajimare ma yana da nasa tarkon. Alkawarin da kamfanonin gajimare ke yi na aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci na nufin ana iya rasa kusan awa 9 a shekara, kuma bai haɗa da katsewar intanet ɗinku ba, don haka ku tanadi layi biyu daga kamfanoni daban-daban. Sannan gajimare ba kwafin ajiya ba ne. Idan ma'aikaci ya goge babban fayil, kwandon shara na Google Drive kwana 30 yake riƙe shi, na SharePoint kwana 93. Gobarar da ta ci cibiyar kamfanin gajimare na OVHcloud a Strasbourg ta Faransa a 2021 ta bar wasu abokan hulɗa ba komai, saboda ba su da kwafi a wani wuri. Ko ina kuka zaɓa, ku riƙe kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya a nesa da sauran, kuma ku riƙa gwada dawo da shi. Ku tilasta wa kowa tantancewa mai mataki biyu, wato kalmar sirri da ƙarin shaida kamar lambar da ke fitowa a waya, tun ranar farko, domin satar kalmar sirri ce hanyar da aka fi bi a shiga asusun gajimare.

Saba a ofis tana da hujja idan doka ko yarjejeniya da abokin ciniki ta hana bayanan fita daga hannunku, ko kuna aiki da manyan fayiloli irin na bidiyo da zanen gini alhali intanet ɗinku ba shi da ƙarfi. A irin wannan hali ma ba sai an kwaso komai ba: imel da taron bidiyo su tafi gajimare, manyan fayilolin su zauna a na'urar ajiya ta ofis wadda ba a buɗe ta ga intanet ba. Kafin ku sa hannu a kowace yarjejeniya, ku gwada da mutum 5 na wata guda, ku kuma fitar da bayananku gaba ɗaya ku ga a wane tsari suke fitowa.