Tambaya da Amsa: "An ce mini dabbobin sun saba da mutane, ba sa cizo"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Jidda. Maigida ya yi wa yara alkawarin in sun ci jarrabawa zai kai su kallon namun daji, har da wuraren lilo da hawan igiya. Yara huɗu ne, babbar tana da shekara 13, autan 5, kuma shi autan nan ba ya jin bari, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Surukata da ta zo Umara daga gida ita ma da ita za a tafi, ga shi tana da ciwon suga. Ni dai tun da aka sa rana barci ya ƙaurace mini. Maƙwabciyata ta ce in kwantar da hankalina, dabbobin duk sun saba da mutane, a hannu ma suke karɓar abinci, har ta nuna mini bidiyon ɗanta yana miƙa wa biri ayaba a hanyar Ɗa'ifa. Ƙanin maigida kuma ya ce yana da maganin ɗaure bakin dabba da ya taho da shi daga gida. Ina ya kamata mu je, kuma yaya zan yi in dawo da yarana lafiya? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya ba Hajiya babba lafiya. Fargabarki tana kan hanya, kuma ta fi mini natsuwar maƙwabciyarki amfani. Bari in fara sallamar maganar wuri, don ita ce mai sauƙi.

In safari irin na zama cikin mota a zagaya da ku ake so, akwai Nofa, tafiyar kamar awa ɗaya daga Riyad a kan titin da ya nufi Makka, inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa da jimina da barewa iri-iri. Sai dai daga Jidda zuwa Riyad ya haura kilomita 900, don haka da tsohuwa da yara huɗu jirgi ya fi. A cikin Riyad ɗin akwai gidan zu na unguwar Malaz. In kuwa dabbobin ƙasar nan ake so a gani a muhallinsu, akwai gandun Shar'an a Al-Ula, inda jagora ke shiga da mutane cikin mota. Mafi kusa da ku Ɗa'ifa ce, ga sanyi, ga telefirik na Al-Hada (ɗan akwatin da ke ɗaukar mutane a kan igiya ya hau dutse da su), ga wuraren wasan yara. Da yawa cikin wuraren nan ba kullum suke buɗe ba, wasu sai da kaka-kaka, saboda haka a sayi tikiti daga shafin wurin da kansa, a tabbatar da rana da awa kafin a biya kuɗin masauki. A rabu da 'yan WhatsApp masu cewa sun san wani a ƙofa. Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Maris. In hutun ya faɗo cikin zafi, a manta da Riyad a hau dutsen Ɗa'ifa. Gwamnati ma ta hana sa leburori aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ballantana yaro ɗan shekara 5. Su ma dabbobin a wannan lokacin suna kwance a inuwa, kuɗinku kawai za ku kashe ku kalli bishiya.

To, sai maganar maƙwabciya. Wannan magana ta "sun saba da mutane" na ji ta har kunnena ya gaji, kuma kusan duk raunin da ake samu a irin waɗannan wurare daga ita yake farawa. Abin da ke tsare ɗan Adam daga naman daji shi ne tsoron da dabbar take yi masa. Muddin tana tsoro, za ta bar tazara, in ka matso ta ja da baya. Ranar da aka koya mata karɓar abinci a hannu, tsoron ya tafi, amma haƙori da farce da ƙarfi suna nan yadda Allah ya halitta su. Shi ya sa mu da muke aiki da su mun fi taka-tsantsan da wadda ta saba fiye da wadda ba ta taɓa ganin mutum ba. Sabo turken wawa, in ji magabata.

Ɗauki gwaggon birin da ke hanyar Al-Hada, da irinsa na Al-Baha da Abha. Babban namiji yana kai kilo 20 zuwa 30. Autanki, in ɗan shekara 5 ne kamar sauran, da wuya ya kai kilo 20. Fiƙar namijin doguwa ce, kuma da ita yake faɗa da 'yan'uwansa. Birin da aka saba ba shi ayaba ta tagar mota ya zama kamar mai karɓar haraji a bakin kasuwa, ba roƙo yake yi ba, a ganinsa haƙƙinsa ya zo karɓa. Matsalar ba lokacin da ake miƙa masa take ba. Tana zuwa ne lokacin da ayabar ta ƙare shi kuwa bai ƙoshi ba, ko lokacin da yaro ya miƙa hannu sai tsoro ya kama shi ya janye da abincin a ciki. Nan take zai cafko hannun. Kuma birai sun san babba sun san ƙarami, don rayuwarsu gaba ɗaya a kan sanin wa ya fi wa take. Ba za su tunkari Alhaji ba, yaron da ke riƙe da ledar biskit za su nufa, ko matar da ta rataya jaka.

Akwai kuma abin da mutane ke fassarawa a baibai. Yaro ya ga biri, ya zuba masa ido, ya washe baki yana dariya. A wurin biri, zuba ido da nuna haƙora tsokana ce. In kin ga namiji ya wangale baki kamar mai hamma yana kallonku, ba barci yake ji ba, makaminsa yake nuna muku. Sai ka ga mutane sun ƙara matsowa da waya suna cewa kai, dubi yadda yake dariya.

Bidiyon da aka nuna miki na yarda da shi, ya faru. Amma 'yan daƙiƙoƙin da abin ya tafi daidai ne kawai aka ɗauka. Wanda aka ciji ɗansa ba ya tsayawa ɗaukar hoto, kuma ba wanda ke tura wa dangi bidiyon zaman ɗawari, wato ɗakin gaggawa na asibiti. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar nan ta hana ciyar da biran, akwai tara a kai, kuma ba don mugunta ba ne. Ciyarwar da sharar da ake zubarwa a bakin titi su suka sa biran suka yawaita, suka bar duwatsu suka sauko gonaki da gidajen mutane. Wanda ya tsaya ya watsa musu burodi yana ganin sadaka ya yi, alhali ya ƙara wa mazauna wurin wahala, ya kuma koya wa birin zaman bakin kwalta inda mota za ta take shi.

Kar kuma a ce ai wancan biri ne, masu cin ciyawa ba ruwansu. Jakin dawa yana cizo, kuma in ya kama ba ya saurin saki. Jimina gaba take harbi da ƙafa, da farce mai kaifi, ga gudu da ya kai kilomita 70 a awa, don haka ba zancen tsere mata. Raƙumin dawa da ake gani kamar salihi, harbinsa yana iya kashe zaki, kuma kaɗa kai kawai in ya yi ya ishi yaro. In wurin ya ware inda ake ba dabba abinci, da ma'aikaci a tsaye, da abincin da su suka bayar, wannan daban ne, a bi yadda ya ce. In ba haka ba, hannu da kai suna cikin mota, ba a sauka sai inda jagora ya ce a sauka, ko da waya ce ta faɗi.

Sai ƙanin Alhaji da maganinsa. Da girmamawa nake faɗa, amma ba zan rufe ba: ya bar shi a gida. Duk wanda ya taɓa ganin gardawa masu wasa da kura ya tuna da kyau abin da ya gani. Akwai layu a jikin gardin, gaskiya ne. Amma akwai takunkumi a bakin kurar, da sarƙa a wuyanta, da ƙatuwar sanda a hannunsa. In laya ce ke ɗaure bakin, takunkumin na mene ne? Abin da ke ba ni haushi da masu sayar da irin wannan magani shi ne ba a kansu abin yake ƙarewa ba. Sun karɓi kuɗi sun yi gaba, sun bar mutum da ƙarfin halin da zai sa ya ɗaga yaro ya miƙa shi bakin shinge. Haka masu nuna zaki da damisa a falo ko a istiraha (gidan shaƙatawa) suke ruɗar matasa. A 2021 a nan Riyad zaki ya kashe mutumin da ke kiwonsa, kuma ajiye irin waɗannan dabbobi ba da izini ba laifi ne mai tsananin hukunci. In wani ya gayyace ku ganin zakin gida, kar ku je. A yi addu'ar fita da ta hawa abin hawa, a yi wa yara tofi, wannan duk muna yi. Amma wanda aka ce ya yi tawakkali, sai da aka ce ya fara ɗaure raƙuminsa.

In kuma tsautsayi ya gitta, aka samu cizo ko yaƙushi, ko da ɗan ƙarami ne, ga abin yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. A zuba aidin in akwai. Sannan a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Kar a shafa man habbatus sauda ko toka ko man goge baki, kar a ɗaure wurin tamau. Bakin dabba cike yake da ƙwayoyin cuta, ramin fiƙa kuma ƙarami ne a sama, mai zurfi a ciki, ya kan rufe ya yi ruwa daga baya. Likita zai duba batun allurar tetanus da ta ciwon haukan kare. Wannan ciwo ya fi zuwa ta kare, amma akwai shi a namun dajin yankin nan, kuma likita ne zai yanke ko a yi allurar, ba maƙwabta ba. Yakan yi wata biyu zuwa uku a jiki shiru, ciwon ya warke, kowa ya manta, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tashi. Allurar ba ɗaya ba ce, ana komawa a ranakun da aka rubuta, a cika su duka. Ki ja kunnen yaran tun yanzu cewa wanda dabba ta taɓa ya faɗa, ba za a dake shi ba, don yara da yawa ɓoyewa suke yi saboda tsoron faɗa. Lambar motar asibiti 997, ta neman shawarar likita a Ma'aikatar Lafiya 937.

Hajiya babba kuma, abin da zan roƙa mata shi ne ta yi nesa da raƙuma. Cutar numfashi ta MERS a ƙasar nan aka fara gano ta a 2012, tana da alaƙa da raƙuma, kuma kusan kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu. Masu ciwon suga da ƙoda da huhu su ta fi kayarwa. Ba shafa raƙumi, ba tsayawa hoto kusa da bakinsa, ba shan ɗanyen nonon da ake tatsa a bakin hanya. Ɗanyen nonon nan ko ga yara ban yarda ba, don yana kawo zazzaɓin Malta, mai daɗewa a jiki yana cin gaɓoɓi. Ta riƙe maganinta da ɗan abin ci a jakarta, in insulin take yi kar a bar shi cikin motar da ke tsaye a rana, ta kuma sa takalmi rufaffe.

Wuraren lilo da igiya ba su cika tayar mini da hankali ba in wuri ne mai lasisi. Ma'aunin tsawon da aka kafa a ƙofa saboda bel ɗin ne, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙasa, don haka kar Alhaji ya tsaya roƙon ma'aikaci don autan yana kuka. Abin da na fi tsoro babur mai ƙafa huɗu ne, dabbab ɗin da ake haya a bakin rairayi. Yana kifewa, kuma ya fi yaro nauyi nesa ba kusa ba. Kar a ba yaro na manya, kar a hau ba hular kwano, 'yar shekara 13 ɗin kuma ta tattare abaya da gefen mayafi kafin ta hau, don taya tana naɗe su.

Ki nuna wa Alhaji wannan amsar kafin a sayi tikiti. Ranar tafiya autan ya zauna a tsakiyar kujerar baya, ke a gefensa, a danna makullin ƙofa da na gilashi daga wurin direba. Abinci duk a but, ba leda a hannun kowa. In kun hau Al-Hada kuka tarar motoci sun tsaya ana kallon birai, ku kalla ta gilashi a rufe, ku wuce. A duba yanayi ma kafin a fito, don akan rufe hanyar in an yi hazo ko ruwan sama, sai a zagaya ta hanyar Sail.