Funfuna a iskar Sakkwato: wane lokaci ta fi yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Ɗana ɗan shekara tara yana da asma, an yi masa gwaji aka ce jikinsa ba ya jituwa da ƙwayoyin funfuna da ke yawo a iska. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne garinmu a bushe yake, ga zafi. Ina funfuna za ta samu wurin zama a nan? Kuma yaushe ya kamata in fi sa masa ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya.

Gaskiya ne funfuna ba ta tsirowa sai da danshi. Amma tsirowa daban, tashi sama daban. Idan ta nuna takan zubar da iri, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma da yawa daga cikinsu bushewa da iska ne ke ɗaga su. Sakkwato kuwa tana da danshin da bushewar, ɗaya na bin ɗaya.

Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ke sauka. A lokacin funfuna ke yaɗo a ciyawa, ganyen amfanin gona, juji, da fadamun Gulbin Rima, har da bangon ɗaki mai yoyo. Ruwa mai nacin sauka yana wanke iska, shi ya sa numfashi ke yin daɗi bayansa. Matsalar tana gabansa. Wannan iskar hadari da ke tasowa da jan ƙura kafin ɗigon farko tana kwashe duk abin da ke kwance a ƙasa da ganye ta watsa shi cikin gari, ɗigon farko ma yana fantsama wasu ƙwayoyin sama. In hadari ya haɗo, a kira yaro ɗaki a rufe tagogi har ruwan ya kankama. Akwai kuma wasu nau'o'in da ba sa fitar da iri sai iska ta jiƙe, don haka sun fi yawa da tsakar dare zuwa asuba da kuma bayan ruwa.

Lokacin da na fi jin tsoro ga mai asma shi ne kaka, wato Oktoba zuwa Nuwamba. Funfunar da damina ta raina ta bushe, rana ta buɗe, ga girbi. Cladosporium da Alternaria, nau'o'in funfuna da ke zama a ganye da karan hatsi, sun fi tashi da rana tsaka zuwa la'asar idan akwai zafi da 'yar iska. Alternaria kuwa an daɗe da sanin tana tayar da asma mai tsanani ga yara. Wurin sussukar gero, sheƙa, ɗaurin harawa da juye rumbu, nan ƙwayoyin ke cika iska fiye da ko'ina. Ki lura da albasa ma: baƙin garin nan da kike gani ƙarƙashin ɓawonta funfuna ce, Aspergillus niger. Kada a ajiye buhun albasa ko gyaɗa a ɗakin da yake kwana.

Da hunturu iska ta bushe ƙwarai, sabuwar funfuna ba ta cika tsirowa a waje ba. Hazon da ke zuwa daga wajen Bodele a Chadi yana ɗauke da wasu ƙwayoyin, amma a wannan lokacin ƙurar kanta da sanyi sun fi damun ƙirji. Takunkumi yana taimakawa. Bazara ma, ko zafi ya haura digiri 40, ba ya kashe irin. Jiran ruwa kawai yake yi.

Cikin gida ya fi waje muhimmanci, domin nan yaro ke kwana. Ki duba silin, bayan kabad, ƙarƙashin katifa da darduma, da gefen randa. Warin rima ko baƙin tabo a bango alama ce. A gyara yoyon tukuna, sannan a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma yaro ba ya nan. Kankarewa a bushe watsa irin take yi. Shara ma a yayyafa ruwa kafin a fara.

Kada ki jira sai numfashi ya sarƙe. Ki kai shi asibiti tun a watan Mayu, kafin ruwan farko, a duba ko yana buƙatar maganin shaƙa na kariya wanda ake amfani da shi kullum, ban da na gaggawa. In kuma akwai wanda ya taɓa yin tarin fuka a gidan, ya warke amma tari ya dawo, musamman da jini, a gaya wa likita ya bincika Aspergillus ma, domin takan zauna a ramukan da cutar ta bari a huhu.