An nuna min kabarin kakan babana, amma goggo tace ba shi bane

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min da shawara, raina ya ƙi kwanciya. Bayan rasuwar mahaifina na ɗaura niyyar gano asalinmu, naje garin da ake cewa daga nan kakan babana ya taso. Wani dattijo ya zagaya dani ya nuna min wani kango yace nan ne gidanmu na asali, ya kaini maƙabarta ya nuna min kabari yace nasa ne, daga baya ya haɗani da wani mutum da ya rubuta min salsala mai sunaye 14 har ta kai ga wani babban malami da ya rasu sama da shekara 900 da suka wuce, kuma na biya kuɗi ba kaɗan ba. Da na dawo na karanta wa goggona yayar babana, sai tace sunaye biyu ba haka ta ji su a bakin iyayenta ba, kuma ita a saninta a tafiya ya rasu ba a gida ba. Yanzu ƙannena sun riga sun yaɗa takardar a WhatsApp, wasu har suna maganar a je a nemi filin kangon. Ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka yasa ya huta. Tafiyar da kayi ba asara bace, amma maganar fili a tsayar da ita yau ɗinnan, kuma ka roƙi ƙannenka su daina tura takardar.

Ɗauko takardar mu ƙirga. Ibn Khaldun, masanin tarihin da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya bar mana ma'auni a littafinsa Muƙaddima: in kana shakkar wata salsala, ka lissafa kakanni uku a kowace shekara ɗari, in adadin ya dace toh, in bai dace ba an yi ƙari ko an yi ragi. Shekara 900 tana buƙatar sunaye wajen 27, kai kuma 14 aka baka. Ma'ana kowane uba sai da ya haura shekara 60 kafin ya haifi ɗan da ke ƙarƙashinsa a jerin, sau 14 a jere babu fashi. Mutum ɗaya ko biyu a zuri'a zai yiwu, amma duka? Haba. Takardar nan ta faɗi tun kafin a zo kan sunayen da goggo ta ƙi.

Abinda yafi damuna a wannan aikin, kuma kusan kullum sai na haɗu dashi, shine mutane sun ɗauka in ƙafarsu ta taka garin kakanni, ido ya ga kabari, wani mai furfura ya ce "nan ne", toh shikenan an gama bincike. Wallahi lokacin ma aka fara. Kaje gari kai baƙo, ka riga ka faɗi sunan wanda kake nema, ka faɗi labarin da kake son ji, fuskarka ta nuna zumuɗi, me kake tsammani? Za'a nuna maka kabari mana. Wani lokaci ba ma don cuta bane, kara ce, dattijo yana jin nauyin ya ce wa wanda ya taso daga nesa "ban sani ba", sai ya nuna maka wurin da yafi kama da gaskiya a ransa. Wani lokaci kuma suna ne ya zo ɗaya, a gari guda a zamani guda za ka samu mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma dangi suna maimaita sunan kaka ga jika, sai a haɗe mutum biyu a mayar dasu ɗaya. Sannan ita kanta ƙwaƙwalwar zuri'a haka take aiki a ko'ina a duniya, tana riƙe babban kakan da ake alfahari dashi, tana riƙe uku ko huɗu na kusa, na tsakiya kuma su zube a hankali har a wayi gari ana cewa wane ɗan wane ne alhali akwai ƙarni biyu a tsakaninsu.

Su kuma masu rubuta salsala don kuɗi, waɗannan bana musu uzuri ko kaɗan. Suna da jerin sunayen manya a ajiye, nasu kawai su ɗauki sunan kakanka su liƙa a ƙasa, gobe wani yazo a liƙa nasa a wuri ɗaya. Ka taɓa jin wanda ya biya kuɗi aka rubuta masa cewa kakansa talaka ne mai noma da babu wanda ya sanshi? Kowa jikan sarki ne ko jikan waliyyi, toh ina jikokin sauran mutanen da suka cika duniya a lokacin? Sun fahimci abinda mai biya yake so shine girma, shi suke sayar masa. Suna fara gini daga rufi, su zaɓi babban mutum a sama su riƙa saukowa da ƙarfin tsiya har su iso kanka, alhali aikin gaskiya daga kanka yake farawa, kai ɗan wane ne, da wace hujja, shi kuma ɗan wane ne, da wace hujja, duk inda hujja ta ƙare nan alƙalami zai tsaya ko da kakanni huɗu kacal ka samu. Ka tambayi wanda ya rubuta maka daga wane littafi ko wace takarda ya kwafo, yaushe aka rubuta ta, wa ya rubuta, kace kana so ka ga asalin da idonka. In ya fara cewa sirri ne ko an hana nunawa, ka samu amsarka.

Shi kuma kabari ba ya magana. Yawancin kaburburan duniya babu rubutu a kansu, ko a Baƙi'a a Madina babu sunaye a kan kaburbura. Ƙasa tana lafewa, ruwa yana shafe alama, ana binne wani a inda aka taɓa binne wani, gari yana faɗaɗa ya cinye maƙabarta. A Paris tun ƙarshen ƙarni na 18 aka riƙa kwashe ƙasusuwan mamata daga maƙabartun birnin zuwa ramukan ƙarƙashin ƙasa, na mutum wajen miliyan 6. Ka duba Sarkin Ingila Richard na Uku, an kashe shi a yaƙi a 1485, sarki ne fa sukutum, amma kabarinsa ya ɓace har sai 2012 da aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wajen ajiye motoci a Leicester, kuma duk da haka masana basu ce shine ba sai da suka haɗa tsofaffin takardu da shekarun ƙashin da raunukan da ke jikinsa da gwajin ƙwayoyin halitta na zuri'ar 'yar'uwarsa, sannan suka sanar a 2013. In na sarki ya buƙaci wannan wahalar, yaya nuni da yatsa zai isa a namu?

Kuma abin ba wasa bane don yana da haɗari ta fuska biyu. Ta fuskar addini, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, Aljanna ta haramta gareshi. Kai baka sani ba lokacin da ka karɓa, amma yanzu shakka ta shigo, kuma takarda in ta shekara ashirin a cikin dangi sai ta zama "tarihinmu", jikoki su rantse akanta. Ta fuskar duniya kuma, kangon nan yana da masu shi, zuwa neman fili da takardar da aka saya ita ce hanya mafi sauri ta mayar da mutanen da wataƙila danginku ne na gaske su zama abokan shari'a. An umarcemu mu san nasabarmu ne don mu sada zumunci.

Yanzu ga aikin da ke gabanka. Goggo ita ce babbar hujjarka kuma ita ce ba zata jira ba, kabari yana nan ko shekara nawa, tsohuwa kuwa sai yadda Allah yayi. Ka zauna da ita ka kunna rikodin a waya da izininta, kar ka karanta mata komai, ka barta ta zuba, ka tambayi sunan yanka da laƙabin kakan babanka, matansa, 'yan'uwansa, sana'arsa, wa ya bata labarin rasuwarsa. Tsofaffi mata sukan riƙe sunayen uwaye da aure da ƙaura waɗanda salsalar maza ke tsallakewa. Shekaru kuma ka ɗaure su da abubuwan da aka san lokacinsu, kamar annobar mura ta 1918 ko yaƙin duniya na biyu daga 1939 zuwa 1945. Daga nan ka bi akwatunan gida, wasiƙu, takardun gona, rasit na haraji, takardar rabon gado, bayan hotuna, da bangon tsofaffin littattafai inda mutane kan rubuta haihuwa da rasuwa.

In zaka koma garin, kaje wajen tsofaffi uku da basa zama tare, ɗaya bayan ɗaya, kar ka ambaci sunan kakanka, ka tambaya kawai su waye suka zauna a kangon can kuma ina suka tafi. In sunan ya fito da kansa daga bakuna daban daban, toh ka samu abin kamawa. Ka rubuta wa ya faɗa, a ina, ranar yaushe.

Gidajen adana takardun tarihi suna da amfani amma sai ka ɗaura ɗamarar haƙuri, za'a ce mai makulli baya nan, za'a ce ka rubuto takardar neman izini ka dawo, fayil ɗin da ke cikin rajista a neme shi a rasa, abin yana ƙona min rai don takardun suna ruɓewa ana jan mutane. Shafin FamilySearch na binciken nasaba a intanet kyauta ne, sai dai salsalolin da mutane ke ɗorawa a kai suma sai an tantance. In akwai soja a dangi, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunayen mamata wajen miliyan 1.7 na yaƙe-yaƙen duniya biyu a intanet.

Gwajin ƙwayoyin halitta kuma, tunda nasan ƙannenka zasu kawo maganarsa, abinda zai iya shine ya nuna ko ku da mazan gidan can kun haɗa tsatson uba, don akwai ƙwayar da ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai. Ba zai baka sunan kowa ba, kuma in ka hau kakanni goma sama, gurabe 1,024 ne a wannan matakin kaɗai, layin uba guda ɗaya ne a cikinsu. Kar a yi wa kowa sai da yardarsa, kuma ku tattauna tun kafin a yi, don yakan fito da abinda ba shi aka je nema ba.